Gorar Auna Ruwa

Kwana arba'in da biyu Baba Halidu ya yi a wani aji na lekol ɗin unguwarsu a Saga, ba kuwa karatu ya kai shi ba. Kogi ne ya fasa shinge ya cinye masa ɗaki uku da fadamar shinkafa, hukuma ta kwashe mutanen bakin ruwa ta zuba su a makaranta, kowane gida da ajinsa. Karo na uku ke nan cikin shekara takwas. Matarsa Haoua har ta san tagar da ba ta rufuwa.

Da hutu ya ƙare, direktan makarantar, Mushe Hamidu, ya zo ya ce an yanka wa kowa fili a kan tudu, can bayan gari, kuma kamiyon ƙarshe mai kwashe mutane da kayansu zai zo ran Alhamis. Maƙwabta duk sun tafi. Halidu ya ce shi ruwa yake jira ya janye ya koma ya ta da bangonsa inda ubansa ya ta da nasa. Manomin shinkafa a kan tudu me zai shuka, tsakuwa? Direkta ya gaji, ya daina zuwa. Haoua ma ta daina magana, sai dai kullum ta ɗaure kaya, kullum ya sa ta kwance.

Mai ajin, Madam Balkissa, ta koma rumfar zana da ɗalibanta saba'in, dab da tagar. Ko yana so ko ba ya so, karatunsu na shiga kunnensa. Faransancinsa na kasuwa ne, bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, amma idonsa lafiya lau. Ran Talata ya ga ta ɗaga littafi tana nuna hoton wata farar dabba tsaye a kan ƙanƙara. Yaran suna kallo suna hamma, rabinsu kuwa a kan teburan nan suka kwana wata guda. Tsohon ya yi tsaki, tsakin ya fita ta taga.

Da aka tashi, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce darasin canjin yanayi ne, ko zai zo ya yi wa yara bayani. Ya ce shi ba hoto ba ne da za a ɗaga a nuna: ga wanda gidansa ya faɗi.

"Baba, ni ma ban taɓa ganin dabbar nan ba," in ji ta. "Kwana uku aka tara mu aka koya mana, aka ba mu littafi. Ƙanƙarar da na sani ta mai bisab ce, mai sayar da zoɓon nan. Ba zancen gida nake roƙo ba, zancen kogi."

Ya dube ta. Alli ya yi mata fari a hannu, muryarta ta dushe. Ya ce ta tafi, zai gani.

Washegari ya fito da gorarsa, abu ɗaya da ya ɗauko kafin tabarma. Ta fi mutum tsawo da kamu ɗaya, ta yi baƙi don tsufa, jikinta duk tsagar wuƙa. Bai zauna a kujerar da aka ba shi ba. Da Hausa ya yi magana, inda ya ga an yi zuru ya juya Zabarmanci.

Ya ce kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na damina, mai laka, wanda ƙoramu ke kawowa. Akwai baƙin ruwa na lokacin sanyi, mai zuwa daga nesa a hankali kamar baƙon kirki. Ubansa yakan kafa gorar a kan wani dutse a mashigi ya tsaga inda ruwa ya tsaya, ja a dama, baƙi a hagu. Shi ma haka ya gada. Ya nuna musu tsagar ubansa: baƙin ne kullum a sama. Ya nuna shekarun fari, can ƙasa, lokacin da ya taka kogi da ƙafa ya haye. Sannan yatsansa ya bi dama yana hawa, tsaga bisa tsaga, ja ya tsere wa baƙi. Ya ce da can daji yana shan ruwan sama, yanzu an sare itace, ƙasa ta zama faranti, kuma ruwan wata guda a yini ɗaya yake sauka. Babu mai hamma. Madam tana rubutu a bayan littafin nan.

Wata yarinya mai suna Anisa ta ɗaga yatsa.

"Kaka, ina ta bana?"

Ya kai hannu can ƙarshen gorar, ya yi ɗage, hannun ya wuce itace ya kama iska. Bana ruwa ya shafe gorar duka, har damtsensa da ke riƙe da ita daga cikin jirgi. Ya san haka tun ranar, bai dai faɗa wa kowa ba. Ya daɗe da hannu a sama, sannan ya sauke.

"Gora ta ƙare," ya ce.

Ya jingina ta a jikin allo ya nufi aji. Madam ta biyo shi da ita, ya ce ta bar ta nan, tudu babu abin aunawa. Ya ce ta ajiye ta nesa da gara, ta riƙa shafa mata mai.

Ya tarar da Haoua tana tsince shinkafa a bakin ƙofa, ƙunshin kaya a bayanta, ta riga ta kai hannu za ta kwance.

"Bar shi a ɗaure," ya ce. "Ki share musu ajin kafin gobe. Ki kuma gaya wa direkta tagar nan tana son ƙusa."