Sandar Baba Hlongwane

"Ajiye gogen nan, Nokwanda," in ji mahaifiyarta daga bakin ƙofa, muciya a hannu. "Mutum yana bayan bango rai a hannun Allah, ke kina so ki ja mana zagi?"

"Mama, gobe Juma'a za su rufe karɓa."

"Su rufe mana! Jami'ar ce za ta zo mana zaman makoki ran da namu ya faɗi?"

Nokwanda ta ajiye gogen. A layinsu na Umlazi bibbiyu aka gina gidaje, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na Baba Hlongwane, tsohon direban jirgin ƙasa mai bakin tsiya. Tun tana ƙarama take koyon gogen Turawa, tun lokacin kuma bai taɓa fashi ba: da ta kai ƙarshen kiɗa zai doki bangon da sandarsa, ya ɗaga murya, "A ba magen nan abinci!"

Yanzu jami'a ta ce za ta ɗauki nauyin darasin da take zuwa wajen malamarta a cikin gari, in har ta tura bidiyon kiɗanta, ɗauka ɗaya, ba yanka ba ɗori. In tallafin ya kuɓuce darasi ya ƙare ke nan, don Mama ta kai iyakarta.

Tun da ciwo ya kwantar da tsohon ta maƙala wa gogen 'yar robar da ke shaƙe murya, har ya koma kukan sauro, kuma ba mai ba da tallafi a kan kukan sauro. In kuwa tsohon ya cika, layin zai yi tsit, ko rediyo ba a kunnawa sai an binne shi ranar Asabar, ranar da aka saba binne mamaci a nan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne addu'ar da ta kama kanta tana yi. Ba roƙo take ya warke ba, ya dai kai jibi. Ta ji kunyar kanta ƙwarai.

Sai ga Anti Busisiwe, 'yar tsohon, ta faɗo ba sallama, idanunta jajur. Mama har ta soma ba da haƙuri, a zatonta tsohon ya cika.

"Ba wannan ba, Yaya," in ji Anti Busisiwe. "Tun ɗazu yake damuna, wai magen ta mutu ne? Ya ce a yi masa shirun nan bayan ya tafi, yanzu bai so."

Mama ta dubi 'yarta, ta dubi bango, ta koma wajen tukunyarta.

Nokwanda ta jingina waya a kan taga, ta cire robar. Da ta ja izga a kan tsirkiya, muryar gogen ta cika ɗakin har ta ba ta tsoro. Ana tsakiyar kiɗan ta ji an ja kujera a bayan bango, ta ji gudun ƙafa, wani ya buɗe ƙofa da ƙarfi. Zuciyarta ta ce tsaya, hannunta ya ƙi. In ta tsaya, wataƙila babu ɗauka ta biyu. Ta runtse ido ta haye wurin nan mai wuya da ta saba tuntuɓe, yau ta wuce shi sumul.

Ta ja sautin ƙarshe, ta bar shi ya mutu da kansa. Ta tsaya da izga a sama tana jiran sanda, kamar kullum.

Bango bai ce komai ba.

Sai kukan Anti Busisiwe ya tsaga gidajen biyu. Wayar tana nan tana ɗauka. Ta ɗauki kiɗan, ta ɗauki jiran, ta ɗauki kukan. Ba a yanka, haka Nokwanda ta tura bidiyon, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

Da la'asar mata suka fito da kayan ɗakin don a sami wurin masu gaisuwa. Nokwanda ta shiga kama musu. Da aka janye gadon, sai ga wani wuri a jikin bango daidai hannun mai kwance, fenti ya ɓare, siminti ya lotsa kamar cikin cokali. Sandar tana ƙasa, kanta na taɓa bangon.