Miyar da Ba Ta Baba Ba

Ranar Litinin Madam Isnard, nas ɗin da ke zagaya ƙauyenmu, ta ɗora Baba a kan sikeli, ta duba, ta sauke shi, ta sake ɗora shi, ko sikelin zai canja ra'ayi. Kilo hamsin da takwas.

"Baba Léonce, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Ranar Juma'a zan dawo. In na tarar ka ƙara raguwa, ko da giram ɗari ne, likita zai sa hannu a kai ka gidan kula da tsofaffi."

"To," in ji Baba. Ya sa hularsa ya koma kujera.

Tun da Mama ta rasu a watan Afrilu haka yake. A kawo abinci, ya kalle shi kamar wasiƙar da aka kawo gidan da ba shi ba, ya ce ya ƙoshi. Ni ke gida tare da shi, ni ke girkawa, ni ke zubarwa. Wata huɗu ina ciyar da kajin maƙwabta, har tafiya ta fara yi musu wuya.

Na buga wa yayana Cyprien waya don dai ya sani. Washegari da hantsi sai ga shi daga birnin Lyon da akwati biyu, ɗaya na kaya, ɗaya na wuƙaƙe. Cyprien ya yi wata shida a makarantar girki, kuma tun daga lokacin ba ya cin abinci, sai dai ya ɗanɗana. Yana da farar riga mai sunansa a ƙirji, ƙila don kada ya manta.

"Magali, matsalar daga gare ki take," ya ce, yana buɗe durowar Mama da yatsa biyu. "A makaranta sun koya mana, sai faranti ya burge ido sannan ciki ke buɗewa. Ke kuwa kina zuba wa mutum abinci kamar mai cika bokiti."

"To Yaya, ranar Juma'a sai mu ɗora idon a sikeli."

Awa uku ya yi a kicin. Tat ɗin albasa ya gasa, wato ƙullin fulawa mai albasa a kai, irin wanda kowace tsohuwa a nan ke yi da faɗin tire, a yanka a ci da hannu. Nasa bai fi murfin kwalba ba. Ya ajiye shi a tsakiyar faranti mai faɗin sitiyarin mota, ya ɗiga wani abu kore sau uku a gefe, ya ɗora kumfa a kai. Sunan abincin ya fi abincin tsawo.

Baba ya sunkuya ya duba. "Wa ya tofa yawu a nan?"

"Kumfar albasa ce, Baba."

"Na ƙoshi."

Ranar Laraba na haƙura. Na bar wa Cyprien babansa, ni kuma na ɗora tukunya saboda maƙwabciyarmu Clémence da ta haihu. Miyar pistu ce, ba wani abu ba: farin wake da ja, koren wake, kabewa, dankali, tumatir, 'yar taliya a ƙarshe. Na daka ɗoɗɗoya da tafarnuwa a turmin dutse, ina ɗiga man zaitun, na goga cuku a kai. Sai da na sauke tukunyar na zuba, don ɗoɗɗoya ba ta son wuta.

Cyprien ya leƙo ya ce inji zai yi wannan dakan cikin daƙiƙa goma. Na ce to in na gama da wuri ina za ni?

Baba ya zo wucewa. Ban san me ya sa na faɗa ba, tunda wata huɗu ba wanda ya taɓa komai a gidan nan, amma na ce, "Wannan ta Clémence ce. Kada kowa ya taɓa min."

Zafin Agusta ya kai inda ya saba kaiwa, muka rufe tagogi, kowa ya kwanta. Wajen ƙarfe uku na rana na tashi shan ruwa, ba takalmi. A bakin kicin na tsaya.

Baba ne a gaban murhu. Murfi a hannun hagu, ya riƙe shi a sama don kada ya yi ƙara, ludayi a hannun dama. Ya sha, ya waiga ƙofar tsakar gida, ya sake sha. Na ƙirga ludayi bakwai. Ya sa yatsa ya tsamo dankali, ya lashe yatsan, sannan ya baje saman miyar da bayan ludayi, kamar wanda ya daɗe a sana'ar.

Sai a lokacin na tuna. Mama kullum cewa take Baba cin tsuntsu yake yi a tebur. Kuma kullum da rana, tana shanya a tsakar gida, sai ka ji ta ɗaga murya: "Léonce, ina jin murfin nan." Na ɗauka wasa ne tsakaninsu. Ashe shekara arba'in da sata mutumin nan yake rayuwa, ni kuma na zo ina miƙa masa abinci a faranti, da ladabi.

Da yamma na buɗe tukunyar a gabansa. "Wa ya taɓa miyar Clémence?"

"Kyanwa."

"Ba mu da kyanwa, Baba."

"Shi ya sa ba a kama ta ba."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma na gaji, kuma ina son in faɗa wa wani, sai na faɗa wa Cyprien.

Ranar Alhamis ya dafa pistu nasa. Ya tace, ya jera waken a da'ira, ya tsayar da ganyen ɗoɗɗoya ɗaya a tsakiya kamar tuta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zaunar da Baba, ya zauna a gabansa da waya a hannu don ya ɗauki hoton cokali na farko.

"Baba, na ji labari jiya ka sha ludayi bakwai."

Baba bai kalli farantin ba, ni ya kalla. Ya tashi ya shige ɗaki. Ranar ko ruwa sai da na roƙe shi. Da la'asar na sake ɗora wata tukunyar, na ce da ƙarfi ta tsoho Baptistin ce da ke ƙarshen layi. Har gari ya waye murfin yana inda na bar shi.

Madam Isnard ƙarfe sha ɗaya za ta zo. Ƙarfe tara na ce wa Cyprien gishirin gidan nan ne matsalar, gishirin talakawa ne, a kasuwar birni akwai wani mai launin toka da ake kwasa da hannu. Ya ce dama ya yi zargin haka. Ya ɗauki mota.

Na ɗumama miyar, na sauke. Na cire zannuwan gado masu tsabta na jiƙa su a famfo, na fita tsakar gida ina shanyawa, na juya wa kicin baya. Na shanya ɗaya, na shanya biyu. Na sauke na farkon na sake shanya shi. Hannuna har ya fara ciwo.

Can na ji ƙaramin ƙas.

Sai kuma shiru. Na san yana tsaye, murfi a hannu, yana jira. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, don haka na ce abin da zan iya.

"Baba, ina jin murfin nan."

Shirun ya daɗe, har na ce a raina na sake ɓatawa. Sannan ludayi ya fara taɓa tukunya, da sauri da sauri. Na ci gaba da shanya zanen da ya riga ya shanyu.

Kilo hamsin da takwas da giram ɗari uku. Madam Isnard ta kalli sikelin, ta kalli koren ɗigon da ke gaban rigar Baba.

"Rabin wannan miya ce, na sani," ta ce da ni a bakin ƙofa. "Amma abin da na gani shi zan rubuta. Sai Juma'a mai zuwa. Ke ma ki ci wani abu."

Cyprien ya dawo da gishiri a 'yar jaka mai kintinkiri. Da ya ji labari ya gyaɗa kai, ya ce kumfar nan ce, sai ta kwana biyu take buɗe ciki. Ranar Asabar ya kwashe wuƙaƙensa ya koma Lyon.

Na jiƙa wake, na zauna a bakin murhu ina tunanin wa zan ce na dafa wa ta gobe. Gida huɗu ne a layinmu, kuma na riga na yi amfani da biyu.