Tafkin Baba Garga

"Matso da kwanon nan, Saudatu, idona ba ya kai can."

Na matsa masa da shi bakin tabarma. Baba Garga, maƙwabcinmu a unguwar Briketeri, ya daɗe a kwance, ƙafafunsa sun kumbura, amma kullum sai ya aike ni tafkinsa in jefa koma in kawo masa abin da ya shiga. Ni mai suyar kifi ce a bakin titi, katanga ɗaya ta raba mu, to wa zai aika in ba ni ba?

Ya ɗauki karfasa ɗaya, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ya buɗe bakinta da farce. Ƙwai ne cike a ciki, don karfasa a baki take renon ƙwanta.

"Uwa ce," ya ce. "Wannan 'yar mitsitsiyar uwa ce, Saudatu. Yaushe ta girma har ta zama uwa?"

Ni ina na sani?

Shi da kansa ya haƙa tafkin a kwarin da ke tsakaninmu da unguwar Ekudu, farkon zamanin Shugaba Ahijo, da ya baro Garwa. Shekarun farko, wallahi karfasarsa ta kai tafin hannu biyu, har daga unguwar Mesa ake zuwa nemanta. Doka ɗaya gare shi, ta ubansa, masuncin kogin Binuwai: ka ɗauki babba, ka mayar da ƙarami. Tarwaɗa kuwa, in ta kuskura ta shigo da ruwan sama, kashe ta yake nan take, wai tana cinye masa jarirai.

To ga shi kifi ya cika tafki fal, babu na kirki ko ɗaya. Ya ƙara dusa, suka ƙara yawa. Ya ce sabulun masu wanki ne, ya yi ta faɗa da matan kwari har suka daina gaishe shi. Ni ma na daina sayen kifinsa, Allah ya sani. Wa zai ci ƙaya?

Da ciwon ya tsananta, Inna Kulsum matarsa ta sa aka kira Mohaman Bello, ma'aikacin gwamnati mai duba tafkuna, ɗan arewa shi ma. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, sun yi yawa ne. Abincin ba ya isarsu, sai su tsaya ƙanana su hau haihuwa. Manyan da za su haifi manya kuma ka kwashe su."

"Na mayar da ƙananan ai."

"Shi ne matsalar, Baba. A rage su. A sa musu tarwaɗa ta ci."

"In sa musu abin da zai cinye su don su girma?"

"Haka ne."

"To ubana ƙarya ya faɗa mini?"

"A'a, Baba. A kogi gaskiya ya faɗa. Kogi na da masu cin ƙanana."

Baba Garga ya juya fuska bango. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ni kaina maganar ta ƙi zauna mini. Mutum ya ƙare ƙarfinsa yana tausaya wa kifi, a ce tausayin ne ya lalata su?

Washegari da hantsi Mohaman Bello ya kawo tarwaɗa biyu a bokiti, ya ce ba zai zuba ba sai mai tafki ya yarda. Na kai bokitin gefen tabarma. Baba ya sa hannu ya shafa bayan ɗaya, ta fantsama ruwa a zanin Inna.

"In zuba, Baba?"

"Zuba." Na sunkuya zan ɗauka, ya riƙe bakin bokitin. "A'a, tsaya. In suka cinye su duka fa?"

"Ya ce ba za su cinye duka ba."

"Shi ya ce." Ya ja numfashi da ƙyar. "Bari in yi tunani zuwa la'asar, 'yata."

Bai kai azahar ba.

Da maza suka ɗauke shi, na tambayi Inna Kulsum yadda za a yi da bokitin. Ta ce ita "zuba" ta ji. Na ce ai ya ce a tsaya. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "To ke kika ji na ƙarshe, ki je ki yi."

Ana kiran la'asar na gangara kwari, bokiti a ka, kwanon dusarsa a hannu, don lokacin da yake ba su abinci ke nan. Na ajiye bokitin a kan dutsen da yake zama. Inuwata na faɗawa kan ruwan, sai ga su sun taso daga ko'ina, ƙanana ƙanana, suna buɗe baki. A gefen ƙafata tarwaɗa ta bugi bokiti.