Hanyar Baba a Tsakar Gida

Manaja ya zalunci mahaifinsa, kuma ban ga dalilin sakaya maganar ba. Bai zage shi ba, bai hana shi abinci ba. Ƙasar da tsohon yake takawa ya ɗauke masa, don abokai su zo su ce gida ya yi kyau.

Baba birkila ne, shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini. Da idonsa ya fara dushewa, likita bai ɓoye masa ba: shekara ɗaya ko biyu, duhu zai rufe. Baba bai zauna kuka ba. Ya sayi siminti buhu uku, ya durƙusa a tsakar gidansa da ɗan ganin da ya rage masa, ya yi wa kansa hanya. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa banɗaki ya shafa sabon daɓe mai faɗin taki ɗaya, ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, ya fito da kaushi. Zuwa famfo ya tsaga layi biyu da bakin cokali. Zuwa ƙofar gida, inda bencinsa yake, ya jera ƙananan tsakuwa ya danna su ciki. Duk inda za a juya, ya yi ɗan tudu.

Da duhun ya zo, sai ya tarar da mutum a shirye. Shekara shida Baba yana yawo a gidansa ba takalmi, ba sanda, hannuwa a baya kamar mai duba leburori. Maƙwabcinsa mai gyaran keke yakan tsokane shi: "Baba, anya ba ƙarya kake mana ba? Kana gani fa."

"Ido ya yi ritaya, ƙafa ta karɓi aiki," in ji Baba. "Kai da kake da biyu, jiya wa ya faɗa kwata?"

Manaja shi ne babban ɗansa. Yana kula da wani babban shagon kayan lantarki, yana zaune a gidan da matarsa. Wata rana ya je gidan abokin aikinsa ya ga tsakar gida kamar an jera duwatsun kogi, tana ɗaukar ido, alhali siminti ne aka buga wa zane. Ya dawo ya dubi tasu, faci nan, tsaga can, tsakuwa kamar ƙuraje. Kunya ta kama shi. Ya san amfanin waɗannan facin sarai, shi ya ɗauko wa Baba ruwan kwaɓi ranar da aka yi su. Amma ya ce a ransa tsoho zai saba.

Ya ce wa Baba ya je gidan 'yarsa Auta, mai ɗinki, ya huta kwana biyar, za a ɗan yi gyara.

"Gyaran me?"

"Ƙananan abubuwa ne, Baba."

Washegari mai daɓe ya iso da mutanensa da faifan roba mai zanen dutse. Dattijo ne, ya san aikinsa. Ya zagaya tsakar gidan, ya tsuguna ya shafa kaushin nan da tafinsa, ya bi layin biyu da yatsa har famfo.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ɓarnar aiki ba ce. Wanda ya yi shi ya fi ni hannu. Wa ke bin layin nan?"

"Mahaifina ne. Ba ya gani."

Mai daɓe ya miƙe. "To mu bar masa hanyarsa mana. In buga dutse hagu da dama, in bar tsakiya yadda take. Ko kuma in sake fito masa da ita a sabon daɓen, ba zai ɗauke ni awa biyu ba."

"Sai ta zama kamar riga mai faci. Dutse nake so daga bango zuwa bango."

"Zanen nan ko'ina iri ɗaya ne a ƙafa. Mai ido ma sai ya duba. Siminti kuwa in ya kama, ba ya jin a yi haƙuri."

"Malam, aiki na kira ka ko wa'azi?"

Mai daɓe ya kama aiki, wanda bai kamata ya yi ba. Suka zuba sabon kwaɓi a kan tsohon, suka baje, suka barbaɗa hodar kala ruwan toka. Da ya fara ɗaurewa suka shimfiɗa faifan roba suna bi suna dannawa, suna ɗagawa suna matsawa gaba. Kafin rana ta karkata, aikin hannun Baba ya shige ƙarƙashin duwatsun ƙarya. Bayan kwana biyu aka wanke, aka shafa man sheƙi. Gaskiya ya yi kyau. Matar Manaja ta ɗauki hoto ya fi ashirin.

Auta ta dawo da Baba da safe. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar kullum, ya sa ƙafa, ya tsaya. Ya laluba da babban yatsa hagu, ya laluba dama. Ya ƙara taki ɗaya, ya sake lalubawa.

"Auta, gidan wa kika kawo ni?"

Auta ta dubi ƙasa, ta dubi yayanta. "Yaya, me ka yi?"

"Gyara na yi. Baba, da za ka gani da ka sa mini albarka. Kamar dutsen gaske."

Baba ya tsuguna ya shafa. Ya daɗe yana shafawa. "Aikin ya yi tsabta," ya ce. "An iya bugawa." Sannan a hankali: "Ina tsakuwata?"

Auta ta kama hannunsa ta kai shi ɗaki. Ba a taɓa jansa a cikin gidan nan ba sai ranar.

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Ya ƙirga taki, amma ƙafa tana bin tsagar zanen, tsagar kuwa ba inda take zuwa, sai ta karkatar da shi ya buga goshi a bango. Ya nemi famfo ya samu kansa a wurin shanya. In an zubar da ruwa, man sheƙin ya zama santsi, sai ya tsaya cak yana tsoron ɗaga ƙafa. Bencin ƙofar gida ya yi kwana goma ba kowa a kai. Mai gyaran keke ya leƙo yana kira, Baba ya ce daga ɗaki jikin ne ba daɗi.

Manaja ya kawo dabara. Ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakin zuwa banɗaki, ya ɗora hannun Baba a kai.

"Igiya?" in ji Baba. "Ni akuya ce?" Amma ya riƙe, don ba shi da wata.

Ranar Asabar Manaja ya gayyaci abokan aikinsa su biyar su zo su ga daɓe. Kafin su iso ya kwance igiyar, don tana ɓata kallo. Ya ce zai mayar in sun tafi. Bai gaya wa Baba ba.

Suna zaune a kan kujeru suna shan lemo, ɗaya yana tambayar inda aka samo mai aikin, sai Baba ya fito. Ya miƙa hannu inda igiya take, ya kama iska. Ya ji muryoyin baƙi, kuma mutum ne da ba zai ce a gaban baƙi a kai shi banɗaki ba. Ya saki ƙofa ya shiga. Ya yi taki huɗu, ya karkata, ya ci karo da kujerar wani. "Yi haƙuri, ɗana." Ya juya ya nufi wani gefen, ya tarar da bango. Ya bi bangon, ya tarar da tukunyar fure. Manaja yana can yana nuna wa mutum biyu yadda zanen ya zagaye famfo. Ko da ya waiwayo, mahaifinsa yana tsaye a tsakiyar gidan da ya gina da hannunsa, wandonsa ya jiƙe, abin yana bin tsagar duwatsun nan yana gangarawa.

Hira ta mutu. Baƙi suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka fice, ba sallama. Manaja ya ruga ya kama hannunsa.

"Baba, zo in..."

Baba ya zare hannun. Bai ɗaga murya ba. "Kira mini Auta."

"Baba, don Allah. Gobe zan sa a fasa shi duka. Wallahi gobe."

"In ka fasa, nawa zai biyo shi, sun riga sun haɗe. Ni kuma ba ni da idon sake wani. Kira mini Auta."

Yana nan tsaye bai motsa ba har ta zo. Ta lulluɓa masa mayafinta a ƙugu tana kuka, shi yana ce mata ta daina, mutane za su ji. Ta tattara kayansa a jaka ɗaya. Ɗakinta ƙarami ne, keken ɗinki ya cinye rabinsa, banɗaki na haɗaka ne a can ƙarshen baranda. Kullum sai ta bar ɗinki ta kai shi ta tsaya ta dawo da shi. Mutumin da ya shekara shida ba a ja shi ba ya koma sai an ja.

Manaja ya sa aka fasa daɓen, ya kira mai daɓe ya sake kaushi da layi da tsakuwa yadda ya iya tunawa. Ya je ya durƙusa ya faɗa. Baba ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, bai zo ba. Wata bakwai ya yi a ɗakin Auta ya rasu. Manaja yana zuwa kullum, Baba yana amsa gaisuwarsa, amma har ya bar duniya bai sake yarda ɗan nan ya riƙe masa hannu ba.