Hoton Gada Mai Tabon Shayi

Tun ranar da Malama ta ga shatin yatsa a kan hoton gada ta daina yarda da Baba Alli.

Baba Alli shi ne tsohon malamin tarihi na makarantar. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana cika allo da rubutu daga wannan kusurwa zuwa waccan, yara suna kwafa har yatsunsu su yi kanta. Alli a hannun rigarsa, alli a girarsa, alli har a bayan kunne, shi ya sa yara suka laƙaba masa sunan, sunan kuwa ya bi shi har ofishin malamai. Da Malama ta zo da kwalin hotunanta a farkon zango, hedimasta ya karɓi tarihin aji biyar daga hannunsa ya ba ta, amma da sharaɗi. Zango ɗaya tak. Idan mai duba makarantu ya zo ya ga abin kirki, aji ya zama nata. Idan bai gani ba, a mayar wa Baba Alli kayansa, ita kuma ta koma aji ɗaya, wurin share majina da ɗaure igiyar takalmi. Shekara huɗu ta yi a can, kuma ta rantse wa kanta ba za ta yi ta biyar ba.

Hotunan guda talatin ne. Daga wani tsohon littafi na ɗakin karatu ta kwafo su da inji, ta manna kowanne a jikin kwali, ta rubuta bayaninsa a baya. Akwai gadoji biyu, da tashar jirgin ƙasa, da asibitin farko, da tsohuwar kasuwa, da masaƙa, da wasu manyan gine-gine da suka yi kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Duk launin toka ne, don injin da ya fitar da su ba shi da wadatar tawada. Kowace Alhamis ake gasar kacici-kacici, layin taga da layin ƙofa. Sai ta ɗaga hoto ta ce, "Mene ne wannan? Yaushe aka gina shi? Don me?" Kafin ta rufe baki hannuwa sun tashi, wasu har hawa benci suke yi. Yara arba'in da biyu, babu mai gyangyaɗi. Idan ta fito daga ajin, ji take kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Wata Talata ta kai mahaifiyarta asibiti, aka sa Baba Alli ya riƙe mata aji. Washegari ta buɗe kabad ta tarar da kwalin ba yadda ta bar shi ba. Ita gadoji take sa wa a sama, ta same su a ƙasa. A kan hoton babbar gada kuwa, can gefen dama inda shayi ya taɓa zubewa ya bar tabo, ga shatin babban yatsa, fari sol, na alli.

Ta daɗe tana kallonsa. Wa ya aike shi cikin kwalinta? An ce ya riƙe aji, ba a ce ya yi mata bincike ba.

Daga nan idonta ya buɗe, ta fara ganin abin da da ba ta gani. Alhamis ɗin da ta biyo baya, ana tsakiyar gasa, ta waiga ta hango shi tsaye a bakin taga, hannuwa a baya, yana kallo. Ba ita yake kallo ba, ba kuma hoton ba, yaran yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Da suka haɗa ido ya yi tari ya wuce. Ta taɓa ganinsa a gindin bishiya lokacin hutun ƙarfe tara yana magana da Auta, 'yar ƙaramar yarinyar nan ta bencin gaba wadda ba ta taɓa faɗuwa tambaya ba. Da ta tambayi Auta me ya ce mata, yarinyar ta ce, "Ba komai, Malama, cewa ya yi in faɗa masa yadda nake gane hotuna." To ga shi nan, har ya fara tatsar bayani daga bakin yara.

Ranar Litinin ya tare ta a ofishin malamai, tana haɗa shayinta.

"Malama, in tambaye ki mana. Hoton gadar nan taki, wa ya zuba masa shayi?"

Malamai biyu da ke gyaran jarrabawa suka ɗago kai. Ta dire cokali. A gaban mutane zai ce kayanta ƙazamai ne?

"Malam, gadar ce ta dame ka ko shayin?"

"A'a, ba haka ba. Na ga hoton ɗayar gadar kuma kunnensa ya yage, asibitin kuwa..."

"Ashe har ƙirga su ka yi. Sannu da aiki. In akwai abin da ba ka gane ba, ofishin hedimasta a buɗe yake."

Ta ɗauki kofinta ta fita. Sau biyu a makon ya sake nufo ta yana gyaran murya. Karo na farko ta kara waya a kunne, wayar da babu kowa a cikinta. Karo na biyu ta tura ƙofar aji a kan idonsa.

A gida ta zayyana wa yayarta komai, suna ninke kayan wanki. Yayar kuwa irin mutanen nan ne da idan ka kawo musu hayaƙi sai su ƙara maka ice.

"Ke ma dai da sanyin jiki," in ji yayar. "Mutum an ƙwace masa aji, kina zaton tafi zai yi miki? Jira yake mai duba makarantu ya zo, ya ja shi gefe ya ce duba datti, duba yagewa, da wannan tarkacen ake koya wa 'ya'yan mutane."

"Ni ma abin da zuciyata ta ba ni ke nan, Yaya."

"To ki riga shi. Ki sake sababbi fes, kada ki bari ko ƙuda ya gani sai ranar."

Shawarar ta kwanta mata. Ta koma ɗakin karatu ta aro littafin, ta kai shagon buga takardu, aka fitar mata da talatin ɗin gaba ɗaya, aka rufe kowanne da leda mai sheƙi. Babu tabo, babu yagewa, babu lanƙwasa. Ta zuba su a jaka ta tura ƙarƙashin gado. Tsofaffin kuma ta bar su a kabad, ta saƙala silin gashi a bakin kwalin don ta gane idan an buɗe. Ta ci gaba da yin bita da su, yara suna amsawa kamar ruwa, in ta gama ta mayar da silin. Idan ta wuce Baba Alli a baranda, sai ta gaishe shi da murmushin da ita kaɗai ta san ma'anarsa.

Mai duba makarantu ya zo ranar Alhamis da hantsi. Mutum ne siriri mai tabarau, da littafi ɗan ƙarami da ba ya rabuwa da shi. Aka ajiye masa kujera a bayan aji, hedimasta ya zauna kusa da shi. Baba Alli kuwa, kamar yadda ta zata, yana bakin taga.

Ta zuge jaka ta zaro sababbin hotuna. Yara suka ce "Kai!" don sheƙin ya burge su. Ta saci kallon taga don ta ga yadda fuskar tsohon za ta koma. Ta ga ya dafe goshi ya runtse ido, ta ji sanyi a ranta. Dabara ta ƙare masa.

"Layin taga, ku ne farko," ta ce, ta ɗaga babbar gada. "Mene ne wannan?"

Shiru.

Ta ƙara ɗaga shi sama. "Na ce mene ne wannan?"

Wani daga baya ya ce, "Gada," a hankali, kamar mai tsoron a kama shi.

"Wace gadar? Yaushe aka gina ta?"

Babu hannu ko ɗaya. Ta ajiye, ta ɗauki asibiti. Wata ta ce tashar jirgi ce. Ta ɗauki tashar jirgi, aka ce makaranta. Ta ɗauki masaƙa, layin ƙofa suka kalli layin taga, layin taga suka kalli ƙasa. Daga bayan aji ba abin da ake ji sai kan biron baƙo yana tafiya a kan takarda.

Yaran da jiya-jiyan nan suka amsa talatin cikin talatin! Ba a banza ba. An ja musu kunne, ko an tsorata su, ko an yi musu alkawarin wani abu. Ta juya ta watsa wa taga harara, har hedimasta ya bi idonta da kallo. Saura kaɗan ta kira sunansa a gaban baƙo, sunan yaran ma ba nasa na gaskiya ba.

Sai ta tuna da Auta. Ta sake ɗaukar babbar gada ta tsaya a kanta.

"Auta, tashi. Ke kin sani. Ki faɗa, kada ki ji tsoron kowa. Kowa, kin ji ko?"

Auta ta miƙe. Ta leƙa gefen dama na hoton, ta leƙa kunnensa na sama, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Malama, wannan mai shayin ce ko mai yagewar?"

"Me kika ce?"

"In mai shayin ce na sani. In mai yagewar ce ma na sani. Amma wannan ba ta da komai."

Kamar an buɗe famfo, aji ya ɗauka. "Malama, asibiti shi ne mai lanƙwasa a tsakiya!" "Tashar jirgi ita ce mai jan biro!" "Kasuwa kwalinta ya fi na sauran tsawo!" Wani ma don neman suna ya miƙe ya zuba bayanin mai shayi tun daga shekarar gini har dalili, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, gadar tana gabansa bai san ita ba ce.

Mai duba makarantu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya rufe littafinsa.

Bayan an tashi, hedimasta bai ja magana ba. Ya ce ya ji tausayinta, amma sharaɗi sharaɗi ne, daga Litinin ta koma aji ɗaya. Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Ta koma aji ta buɗe kabad. Silin gashin yana nan inda ta saƙala shi, babu wanda ya taɓa. Ta zaro tsohon hoton gada, ta rataya jakar sababbin, ta nufi ofishin malamai. Baba Alli ne kaɗai a ciki, yana kakkaɓe hannun riga. Har yanzu akwai sauran zargi a ranta, don zargi idan ya zauna ba ya tashi da wuri. Ta ajiye hoton a gabansa ta nuna shatin.

"Malam, wannan yatsanka ne?"

"Nawa ne."

Ya ɗauki hoton ya ɗaga shi yadda take ɗagawa, ya ɗora babban yatsansa daidai kan shatin. Yatsan ya rufe tabon shayin ruf.

"Ranar da kika je asibiti na ce bari in gwada abin nan naki, don yara sun dame ni da shi. Haka na riƙe, ba da niyya ba. Aji ya yi tsit. Na janye yatsa, hannuwa suka tashi. Na mayar, suka sauka. Sai na je na zauna a bencin baya na sa wani ya ɗaga mini. 'Yata, daga can ba gada ake gani ba, toka ce kawai da tabo."

Ta zauna ba tare da ta san ta zauna ba. Zango guda cur tana ɗaga hotunan nan, bayansu take kallo inda ta rubuta amsa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa bencin baya ba.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Ba ta ma buƙaci amsa ba. Ta tuna wayar da ta kara a kunne, ta tuna ƙarar ƙofa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ta fi ta gaban baƙo ciwo, don waccan yara ne suka gani, wannan kuwa ita ta gani.

"Ka yafe mini, Malam."

"Ba komai. Ni ma da na iya magana da ban fara da shayi ba." Ya juya hoton a hannunsa. "Shekara ashirin da uku ban taɓa ganin yaro ya hau benci don tarihi ba sai a ajinki. Sababbin nan, za ki ara mini? Ina so in raba musu a hannu, kowa ya duba da idonsa. Sai dai ni gasar nan ban iya ba."

Ta tura masa jakar gaba ɗaya. Ya sa hannu zai ɗauka, sai ya tsaya, ya goge yatsunsa a jikin riga tukuna.

"Har yanzu ba ki faɗa mini ba," ya ce. "Wa ya zuba shayin?"

Ta kalli kofinta a kan tebur, ƙasansa ya bar zobe a kan rajistar aji biyar.

"Ni ce," ta ce. Ta ɗaga kofin, ta miƙa masa rajistar.