Geron da Inna ta kai wa tsuntsayen bakin teku

Kun san tattabarun Makka ba su san tsoro ba. Shekara arba'in Inna Ummulkhairi tana watsa musu gero a unguwar Mansur, suna sauka har kan ƙafarta. To, shi ya sa ranar da 'yarta Mas'uda ta ɗauke ta a mota zuwa fadamar bakin teku, inda baƙin tsuntsaye ke yada zango, ta ƙullo geronta a leda ba ta gaya wa kowa ba.

Mai gadin wurin, Salihu, ya gargaɗe su tun a ƙofa: kada a sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa, ruwa yana dawowa bayan la'asar.

Mas'uda ta juya ɗauko shayi ke nan. Da ta waiwayo, babu Inna. Can ta hango baƙar abayarta cikin laka, tana bin wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Ta watsa gero, su matsa. Ta ƙara taku, su ƙara matsawa.

"Inna, ki dawo."

"Bari su ci tukuna, kunya suke ji."

Sai ta tsaya cak. Lakar ta riƙe ta har gwiwa. Ta yunƙura, ta ƙara nutsewa. Ga ruwa ya fara malalowa a hankali, yana cike sawun da ta bari.

Mas'uda ta ƙwala wa Salihu kira. Ya zo a guje da igiya, ya ce kada kowa ya taka, mai nauyi zai nutse kafin ya isa gare ta.

"Ya Hajja, ki kwanta da baya. Kwanciya ce kawai za ta sa lakar ta sake ki."

"In kwanta a gaban namiji? Ɗan nan, ba ka da uwa ne?"

Ruwa ya taɓa cinyar Inna. Mas'uda ta zabura. Ta fizgo tabarmar cin abincinsu da dardumar salla, ta ce wa Salihu, "Juya mana baya, don Allah." Ya juya, yana riƙe da bakin igiya. Ta ɗaura ɗaya bakin a ƙugunta, ta jefa tabarma kan laka, ta bi ta da rarrafe, ta tura darduma bayan tsohuwar.

"Yalla, maza, Inna, babu mai kallo. Ni ce kaɗai."

Inna ta leƙa ta tabbatar, sannan ta kwanta. Ƙafa ɗaya ta fito, ɗayar ta ƙi. Ruwa ya kai kunnenta. Mas'uda ta zura hannu har kafaɗa, ta kwance maɗaurin takalmin, ta rungumi Inna, ta ce Salihu ya ja.

Suka fito jage-jage, takalmi ɗaya ya zama na teku. Inna na haki tana kallon geronta yana yawo bisa ruwa, ko tsuntsu ɗaya bai kula shi ba.

"Waɗannan ba tattabarun Harami ba ne," in ji ta. "Matafiya ne. Mu ma da muka taso daga gida ta Sudan za mu Makka, haka muke gudun duk wanda ya miƙo mana hannu."