Awon Ƙafar Asabe

Malam Sa'adu mai albasa ya shiga Caina da tsinken tsintsiya guda biyu a cikin hularsa. Duk wanda ya tashi a Goronyo ya san amfaninsu. Mu lambar takalmi ba ta dame mu ba. Idan mutum zai je kasuwar nesa, sai a zaro tsinke daga tsintsiyar ɗaki, a gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya a ba shi. Na Sa'adu dai tsawonsu ba ɗaya ba ne, alhali ƙafafun mace ɗaya ne.

Matarsa ce, Asabe. Ciwon suga ya kumbura mata ƙafar hagu tun daminar bara, har babu takalmin da ke shiga. Asabe kuwa mace ce mai son ado, ba za ta fita ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da tsumma ba, don haka ta daina fita gaba ɗaya. Biki ko suna, sai dai ta yi aike. Amma 'yarsu Mas'uda da ke aure a Tursa ta kusa haihuwar fari, kuma ranar wannan sunan, Asabe ta ce da ƙafarta za ta shiga gidan, da takalminta.

Da manoman rani na bakin madatsar ruwa suka zaɓi Sa'adu ya bi 'yan kasuwa ya dubo musu injinan ban ruwa, cewa ya yi ba zai bar mara lafiya ba. Ita ta kore shi.

"Malam, tahi abinka," in ji ta. "In ka zamna mi za ka yi min, ban da cika min ɗaki da warin albasa?"

Da hannunta ta karya tsinkayen, tana nishi kafin ta kai ga ƙafar.

"Wanga na dama, wanga na mai gardama. Kuma kak ka sawo min irin na tsohi. Mai ɗan ƙyalli nika so."

Sha'anin injuna ya cinye kwanakinsa a Guangzhou, sai ranar ƙarshe ya samu kansa. Abokan tafiyarsa sun ce ya jira su raka shi, ya ƙi. Mutumin da ya kai albasa har Legas, wai shi za a riƙe wa hannu? Ya saka katin masauki a aljihu, ya gyara hula, ya fita.

Matakala mai tafiya da kanta ce ta fara rage masa girman kai. Ya daɗe a bakinta yana bismillah, tsofaffin mata suna wuce shi da kwandunan cefane, kafin ya yi ƙundumbala ya taka. Ta saukar da shi ƙarƙashin ƙasa, ya shiga jirgin ƙasa cike da mutane amma babu mai ce wa wani uffan. Abin ya ba shi haushi. A motar Goronyo zuwa Sakkwato, kafin a kai Wurno ka san ciwon kowa da farashin gero.

Ya sauka ba inda ya nufa ba, ya faɗa kasuwar kayan miya. Akwai kifi da rai a cikin baho, akwai kwaɗi a raga, akwai wasu abubuwan da ya kawar da kai bai tambaya ba. Da ya ga albasa sai ya tsaya kamar ya ga ɗan'uwa. Ya ɗauki ɗaya, ya latsa wuyanta da babban yatsa, ya shinshina. Girma kam akwai, amma duk ruwa ce, ba za ta yi wata biyu a rumbu ba. Ya ajiye ta da jin daɗi, yana ƙulla yadda zai ba Asabe labari. Haka ya yi ta yi duk yinin. Gadar da ya hau, da kogin da ya ninka Rima faɗi amma babu ko mai wanki ɗaya a bakinsa, da wata tsohuwa da ke tura kare a keken jarirai, duk tarawa yake yi mata. Shekara guda ke nan shi ne idonta a waje.

Da rana ya sami shagon wasu Musulmi masu fararen huluna, suka ba shi taliya da romon naman sa da 'yan sanduna biyu na cin abinci. Ya juya sandunan, ya ajiye, ya wanke hannu. Da ya lissafa gari ya waye a gida, sai ya kira lambar Asabe. WhatsApp ba ya buɗe masa a ƙasar, sai kira na kai tsaye. Ƙanensa Lauwali ne ya ɗauka, kamar jiya.

"Yaya, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau. Ina mai wayar?"

"Ta samu barci. Jikin da sauƙi."

"Mi nika ji haka kamar taro?"

"Baƙi na anka yi," in ji Lauwali. "Kai dai ka gama ka taho."

Sa'adu bai kawo komai a ransa ba, kuma ya kamata ya kawo, domin shi ma ya taɓa yin wannan muryar. Mu haka muke, ba ma gaya wa matafiyi mutuwa sai ya sauke jakarsa. Shekarun baya Sa'adu da bakinsa ya ce wa maƙwabcinsa Mode da ke Makka kowa lafiya, alhali da ƙurar kabarin uban Mode a ƙafarsa, Lauwali kuma yana tsaye yana ji. Muna kiran abin tausayi. Ni dai har yau ban gama yarda ba.

Kasuwar takalma bene ce hawa kan hawa, shago na bin shago. Duk inda ya cire hula ya zaro tsinkaye, sai a yi dariya a kira na kusa ya zo ya gani. Wasu sun ɗauka sayarwa yake yi. Waɗanda suka gane kuma sun ƙi raba masa ƙafa, babu mai ɓata takalmi biyu saboda baƙo ɗaya. Ya yi ta hawa yana sauka har rigarsa ta jiƙe.

A wani lungu ya sami wata mata mai furfura da tabarau, tana cin abinci a bayan kantar shagonta. Ba ta yi dariya ba. Ya nuna mata hoton Asabe a waya, ya nuna ƙafarsa ta hagu, ya buɗe hannuwa ya kumbura kumatu. Matar ta ajiye kwanonta, ta karɓi tsinkayen, ta shige ciki. Ta daɗe kafin ta fito da takalmi mai taushi, mai faɗin baki da maɗauri, ruwan zuma, da 'yan duwatsu masu ƙyalli a sama. Ta ciro ƙafar dama daga wani kwali, ta hagu daga wani, ta haɗa masa. Sa'adu ya yi ta godiya da Hausa tana amsawa da yarensu, kuma sun fahimci juna sarai. Ya fito rungume da kwalin, yana jin yau ya fi kowa sa'a a garin.

La'asar ta same shi a wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya. Bayan sallama, yana neman takalmansa a bakin ƙofa, sai ya ji an kira sunansa. Alhaji Bilyaminu ne na Wurno, mai sayar da kayan babura, wanda suka san juna tun suna samari. Sa'adu ya washe baki zai fara tsokana, amma Alhajin bai yi murmushi ba. Ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Malam Sa'adu, ashe haka Allah yay yi. Ya haƙuri?"

"Haƙurin mi, Alhaji?"

Alhaji Bilyaminu ya ɗago ya dube shi, ya dubi kwalin, sai fuskarsa ta canza. Shi a zauren 'yan kasuwa na waya ya gani tun jiya, har da sanarwar jana'iza. Ya ga mai rashi a gabansa, ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi. Ya so ya janye maganar, amma babu ta inda za a janye ta.

"Hwaɗi min," in ji Sa'adu.

"Hajiya Asabe ta. Shekaranjiya da dare, jiya anka kai ta. Wallahi na aza ka sani."

Sa'adu ya yi salati a hankali. Bai faɗi ba, bai yi kuka ba. Abin da ya fara zuwa masa shi ne albasar nan mai ruwa, da karen cikin keke, da duk abin da ya wuni yana tarawa, yanzu babu wanda zai kai wa. Ya cire hula don ya share zufa, ya duba cikinta, babu komai.

Tsinkayen. Su ne abu na ƙarshe da hannunta ya ba shi, kuma ya baro su a shago kamar shara.

Ya bar Alhajin a tsaye ya juya. Wannan karon bai tsaya bismillah a bakin matakala ba. Ya ɓace a benen, ya dawo, ya sake ɓacewa, masu shaguna suna ta jan ƙofofinsu. Da ya sami lungun, matar ta riga ta share shagonta tana ɗaure jaka. Ya nuna mata cikin hula, ya gwada tsawon tsinke da yatsu, ya durƙusa yana laluben kwandon shararta. Ta kama hannun rigarsa ta ɗaga shi, ta zaunar da shi a kujerar gwaji. Sannan ta karɓi kwalin da ke hammatarsa ta buɗe.

Suna ciki. Ta kwantar da kowane tsinke a cikin takalminsa, gajeren a dama, dogon a hagu, daga dunduniya zuwa yatsa, babu ragi babu ƙari.

A nan kukan ya ƙwace masa. Matar ta ruɗe, ta zaci awon ne bai yi ba. Ta nuna takalman, ta nuna hoton da ke fuskar wayarsa, tana tambayarsa da ido.

Sa'adu ya gyaɗa mata kai.

"Sun yi," in ji shi. "Sun yi mata daidai."